Abin da Munka Gano a Turkiyya: Jawabin Ɗiyan Ƙungiya a Taron Zagayowar Shekara

 

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan rana, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam. Hajiya shugaba, Hajiya ma'aji, Malama magatakarda, uwayenmu na reshen Birnin Kebbi, uwayenmu da sunka yi sammako daga Argungu, da iyayenmu maza da ke can ƙarƙashin rumfa, muna gaishe ku da girmamawa. Barkanku da zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya. Allah Ya jiƙan waɗanda anka faro tafiyar nan da su, yau ba su cikinmu.

Mu uku ne tsaye gabanku, duk ɗiyanku ne. Ɗaya ce ke riƙe da takarda, amma maganar tamu ce gaba ɗaya, tare munka zauna munka tsara ta. Biyu daga cikinmu suna karatu a birnin Konya, ɗaya a birnin Bursa, a ƙasar Turkiyya. Kwamiti ya nemi mu yi bayani ne saboda maganar da ke gabanku yau, wato ko za a ware wani abu daga ribar shekara a buɗe asusun karatun ɗiya mata. Mun san akwai masu goyon baya, akwai kuma masu ɗari-ɗari, musamman idan anka ce karatun zai kai yarinya wata ƙasa. Kowane ɓangare yana da hujja. Mu dai shaida munka zo bayarwa, mai daɗi da marar daɗi, hukunci kuma naku ne.

Bari mu fara da yadda anka yi munka tafi. Gwamnatin Turkiyya tana da tallafin karatu ga ɗaliban ƙasashen waje, sunansa Turkiye Burslari, tun 2012 ake yin sa. Ta intanet ake nema, yawanci daga watan Janairu zuwa Fabrairu, kuma ko kwabo ba a biya wajen nema. Mai neman digirin farko sai ta kasance ƙasa da shekara 21, da sakamakon da ya kai kashi 70 cikin 100; mai neman likitanci kuwa kashi 90. Wadda anka ɗauka, su ne da kuɗin makaranta, da ɗakin kwana, da inshorar lafiya, da tikitin jirgi na zuwa da na dawowa bayan kammalawa, da ɗan abin kashewa kowane wata. Sharaɗin shi ne shekarar farko gaba ɗaya harshensu za ki koya.

Abin da ba su biya shi ne wanda ya kusa tsayar da mu tun a bakin ƙofa: kuɗin fasfo, kuɗin mota zuwa Abuja don ganawa da masu tantancewa, kwana biyu a can, gyaran takardu, da rigunan sanyi. Nan ne ƙungiya ta shigo. Bashi anka ba uwayenmu, su kuma sunka biya sannu a hankali daga cinikin gumi da ƙuli-ƙuli. Hajiya ma'aji tana nan, littafinta ya shaida an biya har kwabon ƙarshe. Da ba don wannan bashi ba, da takardar ɗauka tana nan a ƙasan akwati har yau.

Da za mu tafi, a kakar 2022, wata gwaggonmu ta ce ita ba ta gane ba, duk Turancin da ke Najeriya sai an hau jirgi a je neman wani? Munka ce Gwaggo, Turkanci ne, akwai "k" a tsakiya. Ta ce to, Allah Ya sa "k" ɗin ta yi albarka. Ƙasar ita ce wadda tsofaffinmu ke kira Santambul, kuma hulɗarta da ƙasashenmu ta daɗe. A shekarun 1570, a ƙarnin da Kanta ya yi zamaninsa a Surame, Mai Idris Alauma na Barno ya aika manzanni zuwa fadar sarkin Santambul. Yau babban birnin ƙasar shi ne Ankara, wanda ga Bahaushe sunansa kaɗai ya isa gargaɗi. Daga Abuja zuwa Istanbul tafiyar wajen awa bakwai ce a jirgi, kuma agogonsu ya riga namu da awa biyu.

Makarantun koyon harshen ana ce musu TOMER. Ta farko an buɗe ta a Jami'ar Ankara a 1984, yanzu jami'o'i da yawa suna da irinta. Mataki biyar ne, daga A1 zuwa C1, kowane da jarrabawarsa, sai kin haye na ƙarshe za ki shiga jami'a. A ajinmu akwai 'yan Somaliya, da Indunusiya, da Afganistan, da Bosniya, da 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi. Tun ranar farko malama ba ta yi mana magana da kowane harshe ba sai nasu. Sati biyun farko da hannu da ido munka yi rayuwa.

Abin da ya fara kwantar mana da hankali shi ne rubutun. Da can da haruffan Larabci suke rubutu kamar ajaminmu, sai a 1928 Mustafa Kemal Ataturk ya mayar da su ga haruffan boko, guda 29. Na biyu, kalmomin Larabci sun shiga harshensu kamar yadda sunka shiga namu. Suna cewa dunya, zaman, kalem, sabun, niyet, nasihat, dua, haber, wato duniya, zamani, alƙalami, sabulu, niyya, nasiha, addu'a, labari. Ranar da malama ta rubuta waɗannan a allo, mu da 'yan Nijar munka kalli juna kamar mun ga ɗan garinmu a tasha.

Harshe ne na ɗaura ɗaya bisa ɗaya, kamar jeren kwalla a ɗakin amarya. Gida shi ne ev. Gidaje evler. Gidajenmu evlerimiz. A gidajenmu, evlerimizde. Kalma ɗaya ke nan. Jam'insu iri biyu ne kacal, ko ler ko lar. Wata ƙawarmu Baturkiya ta ce mu koya mata Hausa, munka ce gida gidaje, littafi littattafai, mace mata, jirgi jirage. Ta ce a bar maganar zuwa bayan jarrabawa, har yau ba ta sake tayar da ita ba. Ba su da shi da ita, kalma ɗaya ce, "o", ga namiji da mace har da akuya. Aikatau kuwa can ƙarshen magana suke ajiye shi, don haka dole ki haƙura mutum ya kai aya kafin ki san ya yi ne ko bai yi ba.

Akwai abu ɗaya a harshen nan da munka ce lalle sai mun kawo muku tsaraba. Idan Baturke ya ga zuwan mutum da idonsa, zai ce geldi. Idan ji ya yi, ko daga baya ya tarar, dole ya ce gelmish. Wato "wai" da "ashe" ɗinmu ne, amma su a jikin kalmar suke, ba a iya tsallake su. Ba wanda zai ba ki labari ba tare da ya nuna ko ganau ne ko jiyau ba. Munka ce da haka Hausa take, da rabin rigingimun gidan biki ba su taso ba.

Gaisuwarsu ma ta yi kama da tamu. In sun tarar da mutum yana aiki sai su ce kolay gelsin, sannu da aiki ke nan. Wadda ta yi girki ana ce mata eline saglik, lafiya ga hannunki. Dangi kuwa sun rarrabe su kamar mu: hala ita ce gwaggo, teyze inna, amja baffa, dayi kawu. Babbar mace ko ba ki san ta ba teyze za ki ce mata, wadda ta ɗan girme ki abla, wato yaya. Sai dai akwai wanda ya ba mu wuya kafin mu saba. In za su ce a'a, sai su ɗaga gira su yi wata 'yar ƙara da harshe, sak tsaki. Ki tambayi mai shago ko akwai sukari, ya dube ki ya yi miki tsaki. A wurinsu "babu" kawai yake nufi, ba raini a ciki. Amma ɗiyar Kabi da anka rena da cewa tsaki zagi ne, sai ta yi wata guda kafin zuciyarta ta daina tafasa.

Sai sanyi. Uwayenmu, abin da muke kira hunturu a bakin gulbi wasan yara ne. Konya tana kan tudu, wajen mita 1,000 sama da teku, ruwa yana daskarewa a waje, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Mun yi murna ranar farko, munka ɗau hotuna munka turo muku. Kwana uku bayan nan murna ta koma ciki. Fata ta tsage, leɓe ya fashe, rana ta yi wuyar gani. Man kaɗanyar da kunka cusa mana a kaya, wanda munka so mu rage saboda nauyi, shi ya cece mu, har 'yan ɗakinmu sunka riƙa roƙo.

Abinci kuwa, su mutanen burodi ne da shayi. Safe burodi, rana burodi, dare burodi. Karin kumallonsu zaitun ne da cuku da tumatir da kokwamba ɗanye. Shayinsu baƙi ne, ba madara, a 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, ganyen daga yankin Rize ake noma shi. Yaji kaɗan ne a girkin Konya, don haka kwalbar yajin da munka taho da ita sai da munka riƙa auna ta kamar magani. Suna da wani kifi da suke alfahari da shi, hamsi, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Munka nuna musu hoton giwan ruwa daga Matan Fada, munka ce ga abin da ake kira kifi, kuma bikin kamun nan tun 1934 ake yin sa, UNESCO ma ta sa shi cikin kundinta a 2016. Wani dattijo ya daɗe yana kallon hoton, ya ce wannan ai maraƙi ne.

Amma ga abin mamaki. An gayyace mu ɗaurin aure a Konya, anka jera abinci, cikin jerin sai ga miyar busasshiyar kuɓewa. Ita ce abin alfaharin bikinsu. Tun tana ƙanana ƙwarai, ba ta kai gaɓar yatsa ba, suke tsinke ta, su shirya a zare kamar tsakiya, su shanya. A kasuwa tana cikin kayan miya mafi tsada. Tasu ba ta yauƙi, da lemun tsami da nama suke dafa ta. Mun ci mun yi shiru, kowa da abin da ta tuna. Suna da daren lalle kamar mu, har sai an sa amarya kuka. Amarya takan dunƙule hannu ta ƙi buɗewa sai uwar miji ta sa mata zinariya a tafi. Kayan ɗaki ma uwa ke tara wa ɗiyarta tun tana ƙarama.

Mun san tambayar da ta fi damun iyayenmu maza ita ce addini da sutura. Gaskiya ne an yi zamanin da mai ɗankwali ba ta shiga jami'a a ƙasar. An sassauta wannan a 2010, a ma'aikatun gwamnati kuma an ɗage hanin a 2013. Mu da hijabinmu muke shiga aji, ba wanda ya taɓa hana mu. Masallatai suna da sashen mata, ana jin kiran salla ko'ina. Su Hanafawa ne, mu Malikawa, za ki ga 'yan bambance-bambance a salla, irin su yawan nafilfili da sallama biyu. Tsofaffin mata sukan matso su gyara miki hannu ko zama; sai ki yi musu bayani cikin ladabi cewa mazhabar Imamu Malik ce. Konya garin Maulana Jalaluddin Rumi ne, wanda ya rasu a 1273, mutanenta masu riƙo ne. A manyan birane kuwa akwai masu salla, akwai waɗanda ba ruwansu, akwai shagunan giya a fili. Ba wanda zai tashe ki asuba, ba wanda zai tambaye ki ina za ki. Abin da yarinya ta tafi da shi daga gida, shi za ta ci a can. Azumin 2023 mun yi awa sha huɗu da wani abu kullum, cikin sanyi, mai ganga yana zagaya unguwa yana tashin sahur, ana buɗa-baki kyauta a manyan rumfuna.

Yanzu ga marar daɗin. Baƙar fata abin kallo ce a wurare da yawa. A mota a kalle ki, a kasuwa a kalle ki, wani ya ɗauke ki hoto ba izini, wata ta kai hannu ta shafa fuskarki. Ana tambayarmu ko akwai mota a Afirka, ko muna kwana kusa da zaki. Mafi yawa rashin sani ne, in kin amsa da harshensu sai kunya ta kama su, har su ja ki shan shayi. Amma akwai na gangan. Wata 'yar ajinmu ta nemi hayar ɗaki, mai gida ya amince a waya, da ya gan ta ya ce an riga an kama. Ɗayanmu ta yi jeka-ka-dawo sau huɗu a wani ofis kan takardar izinin zama, kowane zuwa da sabuwar takardar da za a ce babu. A irin wannan rana ba inna, ba gwaggo, sai ki koma ɗaki ki yi kukanki ki wanke fuska ki ɗau littafi.

Ranar 6 ga Fabrairu 2023 kuwa ba za mu manta da ita ba, ku ma mun san ba ku manta ba. Girgizar ƙasa ta auka wa kudancin ƙasar, yankin Kahramanmarash da Hatay da maƙwabtansu, mutum sama da 50,000 sunka rasu. Garuruwanmu suna nesa da wurin, Allah Ya tsare. Amma ku a nan kun ji sunan ƙasa ne kawai, ba ku san nisan wani gari da wani ba. An faɗa mana yadda kunka taru gidan Hajiya shugaba da waya ɗaya a tsakiya har sai da kunka ji muryoyinmu. Bayan nan anka mayar da karatun jami'o'i ta intanet, anka sauke waɗanda sunka rasa muhalli a gidajen kwanan ɗalibai. Mun shiga cikin masu ɗaure barguna da kayan jarirai. A wurin ne munka ga matan unguwa sun kafa tukwane suna dafa wa mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma a wurin ne harshen ya zauna mana a baki, don ba lokacin duba ƙamus.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi shafar wannan ƙungiya. Lokacin da munka isa, tsadar kaya a ƙasar ta kai kashi 85 cikin 100 a lissafin gwamnati na Oktoba 2022. Kuɗinsu, lira, yana zubewa kamar yadda kunka ga naira ta yi daga 2023. A lokacin, abin da ya sayi burodi biyu, bayan 'yan watanni ba ya iya sayen biyun. To ya matansu ke yi? Suna da adashi, sunansa altin gunu, wato ranar zinariya. Mata goma ko sha biyu, kowane wata a taru gidan ɗaya, ta yi girki, kowace ta kawo mata ƙwayar zinariya ƙarama mai nauyin giram 1.75, ko kuɗin da ya kai farashinta a ranar. Wata mai zuwa a koma gidan wata. Hikimar ita ce mai kwasar ƙarshe ba ta cutu ba: zinariya goma ta zuba, zinariya goma ta karɓa.

Ku dubi namu. Wadda ta yi kwasar farko ta sayi buhun shinkafa huɗu, mai kwasar ƙarshe da kuɗi iri ɗaya wataƙila uku za ta samu, alhali zubi ɗaya sunka yi. Mu ba mu da zinariya, amma muna da shinkafa. Shawararmu ita ce kwamiti ya duba ko za a gwada rukuni ɗaya da za a ɗaure zubinsa da farashin tiyar shinkafa a ranar zubi. Sai dai a sani, abin yana da nasa ciwon. Idan farashi ya yi tsalle, mai ƙaramin ƙarfi ce ke jin jiki. Can ma mun ga matan da sunka fita daga rukuni don zinariya ta fi ƙarfinsu. Shinkafa kuma tana sauka da kaka ta hau da bazara. Don haka a fara da kaɗan, a tambayi malamai hukuncinsa, a rubuta sharuɗɗa kowa ta ji kafin a sa hannu.

Abu na biyu da munka gano shi ne gumi. Suna da wani abinci, bulgur, da ake ci kusan kowane gida. Da munka ga yadda matan ƙauye ke yin sa sai dariya ta kama mu: alkama ce ake dafawa a manyan tukwane, a shanya a rana, a ɓarza. Aikin da uwayenmu ke yi wa shinkafa ke nan tun kafin a haife mu. Suna shanya tumatir da tattasai da kuɓewa kamar yadda muke kauɗa. Har gayya suna da ita, suna ce mata imeje. 'Yar'uwarmu ta Bursa ta je wani ƙauye, Saitabat, inda mata sunka kafa ƙungiya tun 2002. Suna da wurin da baƙi ke zuwa daga birni su ci abincin ƙauye su biya, su sayi kayan da matan sunka sarrafa. Hannunsu bai fi naku iya aiki ba. Abin da sunka fi mu shi ne kowace leda da kwalba tana ɗauke da sunan ƙungiya, da nauyi, da ranar da anka yi. Ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi. Mai saye ya san gobe ma irinta zai samu.

Jiharmu ta yi suna a shinkafa. A nan Kebbi anka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a 2015, ga manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu. Amma gumin mata har yanzu a faifai da tiya yake fita, ba suna, ɗan kasuwa ya saye ya zuba a buhunsa ya ci ribar. Injin cire tsakuwa ɗaya, da sikeli, da injin liƙe leda, da neman lambar NAFDAC da sunan ƙungiya, abu ne da hannu da yawa zai iya ɗauka. Ɗayanmu fannin sarrafa abinci take karanta, ta yi alkawarin zama da kwamitin sana'a kafin hutu ya ƙare.

Kafin mu zauna, ga gargaɗi, don mun ji ana yawo gida-gida. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo wa ɗiyarku wannan tallafi, ku riƙe kuɗinku. Nema kyauta ne, yarinyar da kanta za ta cike. Duk wanda ya ce ta tafi da bizar yawon buɗe ido, in ta isa za a gyara, ku ce a'a. Mun haɗu da 'yan Najeriya da anka kai haka, sunka ƙare a aikatau da ɗakunan ɗinki a ɓoye, ba takarda, ba damar zuwa asibiti, ba kuɗin dawowa. Ku kuma bambance Turkiyya da Arewacin Saifurus. Harshe ɗaya suke yi, amma tsibiri ne daban, kuma hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta gargaɗi iyaye a kansa a 2020. Ku nemi ganin takardar ɗauka da sunan makaranta da gari. Ku tabbata sunan yarinya da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a takardar haihuwa, da sakamakon WAEC ko NECO, da fasfo. Harafi ɗaya yana iya jawo asarar shekara.

A kan asusun karatu kuwa, roƙonmu shi ne in kun amince da shi, kada a taƙaita shi ga masu fita waje. Mai zuwa jami'ar tarayya ta nan Birnin Kebbi, da ta Aliero, da kwalejin ilimi ta Argungu, da makarantar jinya, duk irin ƙananan kuɗin nan ne ke tsayar da su. A yi shi bashi mai sauƙi, a rubuce, wadda ta gama ta fara samu ta mayar don ƙanwarta ta samu. Mu ukun nan mun ɗau nauyin zama da duk yarinyar da ke son nema a watan Janairu, ta waya, har ta gama cikewa. Wadda ke son jin labarin ƙasar da Hausa kuma, tashar TRT Afrika tana da sashen Hausa.

Ga iyayenmu maza da sunka sa hannu munka tafi, alhali ana ta faɗa musu magana a majalisa, mun gode, Allah Ya saka. Ga waɗanda har yanzu ba su natsu ba, ba mu ga laifinku ba, ɗiya amana ce. Muna nan har ƙarshen hutu, ƙofar gidajenmu a buɗe take, ku zo ko ku aiko uwayenmu su yi mana kowace irin tambaya.

Allah Ya ƙara wa ƙungiya albarka, Ya haɗa kawunanku, Ya ba mu damina mai kyau, Ya tsare fadamunmu daga ambaliya, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Ku sa mu a addu'a mu gama lafiya mu dawo gida.